Adakar Goggo da Fostocin Indiya: Mun Iya Kallo, Ba Mu Iya Ajiya Ba

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda na saba. Amma kada wata ta yi saurin buɗe shafi na gaba, don in an bi diddigi wannan ɗin ma soyayya ce. Soyayya ce da ta girme ni, ta girme ki, ta ma girmi iyayen wasunmu, wato soyayyar da ke tsakanin Bahaushiya da fim ɗin Indiya.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa shi ne, daminar bara ruwa ya yi gyara a gidan Goggona, ƙanwar Babanmu, a cikin birnin Kano. Ɗakinta na ƙurya ya yi yoyo, sai aka tura ni in taya ta fitar da kaya a shanya. Muna cikin aiki muka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Na ɗauka atamfofi ne ko kwanukan aure. Ina ɗaga murfin sai na ga kaset-kaset na bidiyo sun fi talatin, duk sun yi fumfuna. A ƙarƙashinsu ga kalandu, ga katunan hoto, ga fostoci an ninke su gida huɗu-huɗu. Gara ta cinye kusan rabi.

Na ɗago ɗaya na ce, "Goggo, wannan kyakkyawar fa?"

Ta karɓa ta matso da ita kusa da ido, sai na ga ta yi murmushi. Ta ce, "Ke dai bari 'yar nan. Wannan ai Hema Malini ce. Na kusa da ita kuma Sarkin Ƙarfi ne, shi ya aure ta ma daga baya. Da kuɗin kitsona na saye ta a bakin kasuwa, ina 'yar aji uku."

Na ce, "To yanzu ya za a yi da su?"

Ta ce, "Me za a yi da tarkace? Tattara ki kai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi, sauran a hura wuta."

Haka ta faɗa da baki. Amma wallahi 'yan'uwa, fostar nan ta fi minti goma a hannunta ba ta ajiye ba. Da na ga haka sai na faki idonta na ware guda bakwai da ba su lalace sosai ba, na tura a jaka. Da na koma gida Yayana ya gan su, ya ce, "Ke kin san irin waɗannan a wasu ƙasashe gilashi ake sa musu a rataye a gidan tarihi?" Na ɗauka zolaya ce irin tasa, sai da ya nuna mini a waya. Gani ya kori ji. Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance, abin da na samo shi ne na ce bari in kawo muku.

YADDA INDIYA TA SHIGO ƊAKUNANMU

Da farko dai ku sani, ba mata ne suka fara kallon nan ba. Gidan silima na farko a Kano, wato Rex, an buɗe shi a 1937, kuma Kwarori ne 'yan ƙasar Labanan suka riƙe harkar silima shekara da shekaru. Su ne suka fara shigo da finafinan Indiya tun wajen shekarun 1950, suna gwadawa su ga ko za su karɓu. Ashe abin nema ne ya samu. Kafin a ankara, Indiya ta ture finafinan kaboyi na Amurka a zukatan 'yan kallo. Aka yi ta buɗe gidaje irin su Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba.

Sai dai a wancan zamani silima ba wurin zuwan 'ya mace ba ne. Ko namiji ma in an ce ɗan silima ne, to ba yabo aka yi masa ba. Ga kuma abin da ya faru a 1951, lokacin da gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum sama da 300 suka rasu. Wannan masifa ta ƙara sa wa mutanen gari tsoro da ƙyamar wurin. Don haka kakanninmu mata sai dai su ji labari a bakin ƙanne da 'ya'ya maza, su ji waƙoƙin a rediyo.

Akwatin talabijin shi ya sauya komai. Daga 1977 tashar NTA ta Kano ta fara sa fim ɗin Indiya, kuma a ƙididdigar da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kawo, daga wannan shekara zuwa 2003 tashar ta nuna finafinan Indiya sama da 1,000. Goggo ta ce mini a layinsu gida ɗaya ne mai talabijin. Ranar Indiya tun la'asar ake gama tuwo, a yi wanke-wanke da wuri, yara su cika tsakar gida, matan aure su zauna daga bakin ƙofa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, salatin da za a saka sai ki ce mutuwa aka yi. Daga baya bidiyo ta zo, aka fara hayar kaset, kallo ya dawo sai lokacin da mace ta ga dama.

Abin mamaki, duk wannan ba da fassara ake yi ba. Babu mai jin Indiyanci, amma kowa ya san abin da ake ciki. Har sunaye muka raɗa musu kamar 'yan unguwarmu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin, shi kuwa Rishi Kapoor, saboda laushinsa da iya rawa, sai aka ce masa Mace. Masu bege suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Mu da muka taso a zamanin Indiya-Hausa, muna jin jarumi yana zuba karin magana kamar ɗan Fagge, gaskiya mun samu abin a sauƙaƙe.

TO WAI ME MUKA GANI A CIKI?

Na yi wa Goggo wannan tambaya, amsar da ta ba ni gajera ce. Ta ce, "Kanmu muka gani." Kuma gaskiyarta. A fim ɗin Indiya na da, yarinya tana son wani, uba ya ce sai wani. Talaka yana son 'yar mai kuɗi, dangi su ce ba sa'anta ba ne. Uwar miji tana gasa wa suruka aya a hannu. Ɗa yana durƙusa wa mahaifiyarsa ko da ya zama babban mutum. Mace tana rufe kai in ta ga surukinta. Wanne ne baƙo a wurinmu a nan?

Ku ɗauki Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Labarin wata mata ce a ƙauye da mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashin wani azzalumi mai ba da rance. Ta yi noma da hannunta, ta ƙi sayar da mutuncinta duk da yunwa. Wannan fim har takarar kyautar Oscar ya shiga. Ga kuma abin da na san zai burge ku. Ana cikin ɗaukar fim ɗin wuta ta ritsa da jarumar, Nargis, sai Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗanta, ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗan da suka haifa shi ne Sanjay Dutt, wato Ɗan Daba Mai Lasin ɗin nan namu. Kun ga ashe ban yi ƙarya ba da na ce akwai soyayya a ciki.

Ba na ce duk abin da ke ciki namu ne ba. Akwai bautar gumaka, akwai rawa cikin ruwan sama, akwai shigar da ko a ɗaki ba za mu yi ba. Iyayenmu da malamai da suke faɗa a kan haka ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Amma su Goggo sun san abin ɗauka, sun san abin bari, shi ya sa suka yi kallonsu kuma suka zauna lafiya a ɗakunansu.

'YAN CHANIS DA MACIJIYA

In mata suna Indiya, to maza suna Chanis. Duk wadda ke da yayye ko ƙanne ta san yadda ake tashi daga kallo a koma lungu ana tsalle ana ihu, har sai wani ya fasa wa wani baki. Yawancin finafinan nan a Hong Kong ake yin su. Sarkinsu shi ne Bruce Lee, wanda ya rasu a watan Yuli na 1973 yana da shekara 32 kacal, kafin a saki Enter the Dragon, fim ɗin da ya kai sunansa ko'ina a duniya. Bayansa Jackie Chan ya zo da faɗa haɗe da ban dariya, musamman a Drunken Master na 1978.

Abin da yayyenmu ba su gaya mana ba shi ne, akwai mata a wannan fage, kuma ba 'yan rakiya ba ne. Tun a 1966 Cheng Pei-pei ta ja ragamar Come Drink with Me da takobi a hannu. Angela Mao ita ce ta fito a 'yar'uwar Bruce Lee a Enter the Dragon, kuma tana da nata finafinan da ita ce jaruma. Sai kuma Michelle Yeoh, haifaffiyar ƙasar Malesiya. Rawa ta so ta koya, ciwon baya ya hana ta, ta faɗa fim. A Police Story 3 na 1992 da kanta ta tuƙa babur ta dira a kan jirgin ƙasa yana tafiya. A 2023, tana da shekara 60, ta zama mace ta farko daga nahiyar Asiya da ta ci Oscar ta gwarzuwar jaruma. Duk wadda aka ce mata ta makara, ta tuna da wannan.

Akwai kuma wani rukuni na finafinai da masana suka raina a lokacin fitarsu, amma suka samu masoya 'yan gani-kashe-ni waɗanda ba sa gajiya da maimaita su. Irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, waɗanda su Goggo ke kira Macijiya, inda mace ke rikiɗa ta koma maciji. Irin su finafinan ban tsoro na 'yan gidan Ramsay, kamar Purana Mandir na 1984, waɗanda aka yi da ɗan kuɗi kaɗan, dodon ma in kin lura za ki gane roba ce, amma duk da haka ki kasa fita fitsari da dare. Ko Disco Dancer na Mithun Chakraborty na 1982, wanda ya haukata mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet kamar yadda ya haukata samarin Kano. Yau a Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da aiki sai farautar tsofaffin kaset da fostocin irin waɗannan finafinai, suna shirya dare na musamman don kallon su a silima. Abin da muka zubar a bola, wani yana can yana cigiya.

FOSTA BA TAKARDAR ƘOSAI BA CE

Yanzu bari mu dawo kan adakar Goggo. Da na baje fostocin nan bakwai a kan gado, sai na lura uku daga ciki ba hoton kyamara ba ne, zane ne na hannu aka buga. Ana ganin sawun buroshi a kumatun jarumar. Ashe haka ake yi a da. A Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, akwai masu zane da sana'arsu ke nan. Za a kawo musu ƙananan hotunan 'yan wasa, su ja layuka gida-gida a kai, su mayar da fuskar da ba ta fi tafin hannu ba ta zama ta fi tsayin ɗaki. Launi ma magana yake yi. Fuskar mugu sau da yawa sai a sa mata kore ko shuɗi, jarumi a watsa masa ja don a nuna fushi, jaruma kuma a yi ta fes kamar wata ɗan daren sha huɗu. Ko ba ki iya karatu ba, kallo ɗaya za ki yi wa fosta ki san wa za ki so, wa za ki tsana.

Ɗaya daga cikin manyan masu zane na Indiya, M. F. Husain, da wannan aiki ya fara neman abinci a Bombay a shekarun 1930. Kafin rasuwarsa a 2011 zanensa ya zama sai manyan attajirai. Shi ma kuwa ɗan kallo ne irinmu, don son da yake yi wa wasan Madhuri Dixit ya sa har fim ya shirya da ita mai suna Gaja Gamini a 2000. Da injinan buga hoto na kwamfuta suka zo a shekarun 1990, sai sana'ar zanen fosta ta mutu murus, masu yin ta suka watse. Amma ba a bar aikin nasu ya bi ruwa ba. A 2002 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya yi baje koli na musamman a kan fostocin finafinan Indiya.

Kada ku ce sai Indiya. Maƙwabtanmu na Gana ma suna da nasu labarin. A shekarun 1980 da 1990 masu gidajen kallo kan ɗauki talabijin da bidiyo da janareta su shiga unguwanni da ƙauyuka suna nuna finafinan Chanis da Indiya da Amurka da na Najeriya. Ba su da fosta daga kamfani, sai su sa masu zane su yi musu a kan buhun fulawa da aka farke aka ɗinke. Wani lokaci mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, labari kawai aka ba shi. Sai ya ƙara gishiri: jarumi ya fito da damtse kamar turmi, maciji ya yi kai uku, jini kuwa kamar an yanka sa. Buhun nan a naɗe shi kamar tabarma, a kai gari na gaba. A 2000 wani Ba'amurke mai suna Ernie Wolfe ya tattara irin waɗannan zane ya fitar da littafi sukutum mai suna Extreme Canvas. Yau buhunan fulawar nan suna rataye a gidajen baje kolin zane na ƙasashen waje.

To mu fa? Ina bangon littattafanmu na soyayya na farko-farko, waɗanda aka zana da hannu, budurwa ta yi tagumi saurayi ya jingina da mota? Ina fostocin finafinan Hausa da suka cika Ƙofar Wambai da Bata a zamanin kaset? Su ma fa wasu ne suka ɓata dare suka tsara su. Kusan duk sun tafi a ƙunshin gyaɗa da balangu.

INDA AKE KARRAMA FIM

Wani abin da na gano shi ne, a duniya akwai bukukuwa da ake yi musamman don fim. Gari guda zai ware mako ɗaya ko biyu, a kawo finafinai daga ƙasashe, a zauna a kalla, alƙalai su zaɓi gwani. Mafi tsufa shi ne na Venice a Italiya, wanda aka fara a 1932, sai na Cannes a Faransa a 1946. Ta wannan ƙofa finafinan Asiya suka shiga idon duniya. A 1951 Rashomon na Akira Kurosawa, ɗan ƙasar Japan, ya ci babbar kyautar Venice. A 1956 aka karrama Pather Panchali na Satyajit Ray a Cannes, fim ɗin da sai da aka jinginar da gwala-gwalan matarsa kafin a iya ci gaba da ɗaukar sa. Ku masu kwana kallon 'yan Koriya a waya, ku sani su ma suna da babban biki a birnin Busan tun 1996, kuma fim ɗinsu Parasite ya ci babbar kyautar Cannes a 2019, ya zo ya ci Oscar a 2020. A 2024 kuwa wata mace 'yar Indiya, Payal Kapadia, ta ci kyauta ta biyu mafi girma a Cannes da All We Imagine as Light, labarin wasu ma'aikatan jinya mata a Mumbai. Babu bos, babu faɗa, rayuwar mata ce kawai.

Mu ma nan Afirka ta Yamma muna da namu. Tun 1969 ake bikin FESPACO a Wagadugu ta ƙasar Barkina Faso, kuma babbar kyautarsa sunan mace take ɗauke da shi, wato Yennenga, gimbiya mahayiyar doki. Wanda ya fara cin ta a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim a kan auren dole da zaman kishi. A 1987 kuma fim ɗin Sarraounia na Med Hondo ya ɗauke ta, wato labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta ja daga da sojojin Faransa a 1899. Tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa kallon sa?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Shaihu Umar. Duk wadda ta yi Hausa a sakandare ta san littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, da Hausa. Daga nan aka neme shi aka rasa, har aka fitar da rai. Sai a 2016 aka tsinci faifansa a cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya a Legas. Aka kai Jamus aka gyara, a 2018 aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin, Turawa suka cika ɗaki suna kallon labarinmu da harshenmu. Da wani ya ce tarkace ne a hura wuta fa? Indiya da kanta ta ɗanɗana wannan baƙin ciki, don fim ɗinta na farko mai magana, Alam Ara na 1931, ya ɓace. Abin da ya rage nasa sai hotuna da fosta. Kun ji amfanin takardar da muke raina wa.

Kuma kada ku zaci hanyar nan mai zuwa ce kawai ba ta komawa. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, da aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani ne na birnin Chennai a Indiya ya buga shi a 2012. Mun shekara hamsin muna kallon su, ga shi su ma sun karanta mu. Abin da ya sa hakan ta yiwu, wata ce ta zauna ta rubuta, wasu kuma suka adana.

SHAWARATA GARE KI

'Yar'uwa, ban ce ki bar karatu ki rungumi kallo ba. Ni da nake wannan rubutu na taɓa raba dare a kan wani fim ɗin Koriya mai dogon zango ana gobe jarrabawa, kuma sakamakon da na gani ba sai na faɗa ba. Komai da lokacinsa: salla, karatu, aikin gida, sannan kallo. Abin da nake cewa shi ne, tunda dai muna kallon nan, to mu yi shi da ido biyu.

In fim ya ƙare kada ki yi saurin kashewa. Duba sunayen da ke bi, ki san wa ya rubuta, wa ya ba da umarni, a wace shekara. In labari ya sa ki kuka, tambayi kanki ta ina marubucin ya bi ya kama zuciyarki. Ni dai ta haka na koyi rabin abin da na sani na rubutun littafi. Amma koyo daban, kwafa daban. Ba sai kin ɗauko labarin Raj da Simran kin sa musu hula da mayafi ba. Labarin da ke gidanku ya ishe ki, in kin iya ba da shi.

Sannan ki leƙa ƙarƙashin gadon Inna ko Goggo ko Hajiya Kaka, da izininsu. In kin samu tsohuwar fosta, ko kwalin kaset na fim ɗin Hausa irin su Turmin Danya na 1990 ko Sangaya, ko tsohon littafi mai bangon zane, kada ki bari a kai wa mai ƙosai. Ki kakkaɓe a hankali, ki shanya a inuwa ba a rana ba. Ki shimfiɗe shi ba tare da ninki ba, nesa da danshi. Kada ki manna masa salatif, yana cin takarda. Ki ɗauki hotonsa a waya. Abu mafi muhimmanci, ki zauna ki tambayi mai shi: yaushe ta saya, a ina ta kalla, da wa? Ki rubuta amsar a littafi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ni dai guda ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, ta Hema Malini, na kai an sa mata gilashi. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Goggo. Ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan ba ki da aikin yi. Kuɗinki kika kashe a kan wannan?" Na ce, "Goggo in ba kya so sai in koma da ita." Ta ce, "Wa ya ce miki ba na so? Miƙo mini ƙusa." Tana nan rataye a saman madubinta. Kuma tun daga ranar, duk jikar da ta shiga ɗakin sai ta sha labarin gidan da ke da talabijin ɗaya a layi.

Duk wadda ta yi irin wannan tsintuwa a gidansu, ta rubuto mana ta hannun edita, ta gaya mana abin da ta samu da labarin da ke bayansa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya haɗa kowacce da rabonta na alheri, amin.

Taku har kullum.